Batirin mota, na inbata, na jel ko litiyam: wanne ya dace da tsohon jirgin ruwa, kuma me za a yi da wayarin ɗinsa?

A gaɓar madatsar ruwa ta Tiga, ko ta Challawa da ke Ƙaraye, ko mashigan kogin Haɗejiya wajen Auyo da Guri, da wuya ka leƙa cikin jirgin katako mai inji da ya kwana biyu ba ka tarar da abu iri ɗaya ba: tsohon batirin mota a ƙarƙashin benci, kawunansa sun yi fari fat da tsatsa, wayoyi uku ko huɗu an murɗa su a kai da hannu, an naɗe da salatif ko leda. Babu fis ko ɗaya. Jarkar fetur kuma tana jingine a jikinsa. Idan fitila ta fara dishi-dishi, mai jirgi ya ce batir ya gaji, ya tafi Kano ya sayo wani, bayan wata huɗu a koma gidan jiya.

Sau da yawa batirin ba shi da laifi. Ko dai an saka shi aikin da ba nasa ba, ko wayarin ne ke shanye wutar a hanya. Don haka zaɓi biyu ne a gaban mai jirgi, kuma dole a yi su tare: irin batirin da zai saya, da kuma ko zai yi wa tsohon wayarin faci ko ya yaye shi gaba ɗaya.

A fara da lissafi, kafin a je kasuwa

Ɗauki jirgin su ko na fito mai tsawon mita 8 zuwa 10. Ƙananan fitilu uku na LED masu wat 5, suna ci awa 6, sun sha wat-awa 90. Babbar fitilar hange mai wat 30, awa 2, ta sha 60. Ƙaramin famfon kwashe ruwa mai jan amfiya 3, idan aka haɗa duk aikinsa na yini ya kai awa guda, ya sha 36. Cajin wayoyin hannu shida, a ce kowace 12, sun sha 72. Jimla 258. Raba da bolt 12, ka sami kusan amfiya-awa 22, wato abin da ake rubutawa Ah a jikin batir. Wannan shi ne cin jirgin na kwana ɗaya.

Amma a watan Agusta ana iya yini biyu rana ba ta fito sosai ba, da hunturu kuma hazo yana rage ƙarfinta. Sai a ninka: 44Ah. Batirin dalma kowane iri ne, na mota, na inbata ko na jel, ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka mai 100Ah ake buƙata. Na litiyam ana shan kashi 80 cikin ɗari ba tare da ya ji jiki ba, mai 60Ah ya isa, mai 50Ah ma zai yi idan aka kula. Wanda yake son ƙara firjin sola don kifi ya sani cewa lissafin ya sauya baki ɗaya, domin firji kaɗai a zafin bazara yana iya cin ninki biyu na duk kayan nan.

Batirin mota

Shi ne mafi araha, ana samunsa ko'ina, daga Ƙofar Ruwa har kasuwar ƙauye. An ƙera shi da faranti sirara masu yawa don ya ba da wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa biyu ko uku ya tada inji, nan take kuma injin ya mayar masa da abin da ya fitar. A bar shi yana ciyar da fitila dare guda har ya yi ƙasa, sai farantan su riƙa zubar da jikinsu, garin dalma yana taruwa a gindin batirin. Idan ana shanye rabinsa kullum, da ƙyar yake jure caji da saukewa ɗari ko ɗari biyu. Wata uku zuwa shida da ɗoriya ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wuri ɗaya ne yake da amfani a jirgi: idan injin na makulli ne. Yawancin injunan Yamaha Enduro da ke ruwayenmu da igiya ake tada su, ba su buƙatar batir ko kaɗan. Mai injin makulli ya ware masa batirin mota shi kaɗai, kada a rataya masa fitila ko cajin waya.

Dogon batirin inbata mai ruwa

Wannan shi ne mai bututu a ciki, wanda ake gani a shagunan sola na Sabon Gari, galibi mai 200Ah ko 220Ah. A gida ko a shago jarumi ne. Farantansa masu kauri ne, yana jure a sha shi sosai, masu ƙera shi suna ba shi zagayen caji da saukewa dubu da ɗoriya, kuma cikin batiran dalma babu wanda ya kai shi haƙuri da zafi, tun da ruwan da ya ƙone ana iya mayar masa.

A cikin jirgi kuwa matsalolinsa uku ne, kuma ba ƙanana ba. Na farko nauyi: ya haura kilo 60, ya fi buhun siminti, ga shi dogo, nauyinsa a sama. A kwale-kwale mai siririn ciki wannan mutum guda ne da ba ya iya gyara zama idan igiyar ruwa ta bugo. Na biyu asid. Murafunsa suna da kafar numfashi, jirgi kuma ba ya daina rausaya, ruwan batirin yana tsartuwa ya ci katako, ya ci ƙusa, ya ci koma da tufafi. Idan jirgin ya kife, asid ɗin duka a ruwa zai ƙare, kusa da mutanen da ke neman tsira. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba: babban batir yana son babban caji. Mai 220Ah yana buƙatar wajen amfiya 20 ya shige shi don ya cika har ruwansa ya motsa ya gauraya. Faifan sola mai wat 100 amfiya 5 da rabi kawai yake bayarwa da tsakar rana. Sakamakon shi ne batirin ya yi watanni bai taɓa cika ba, farin gishirin dalma ya daskare a jikin farantan, sai ka ga ƙaton batir ba ya riƙe wutar da ƙarami yake riƙewa. Wanda ya zaɓe shi sai ya haɗa da faifai na wat 300 zuwa 400, kuma ina wurin kafa su a jirgin su?

Ya dace da babban jirgin fito mai faɗi da rumfa, inda za a yi masa akwati a tsakiya a ɗaure shi. Ana duba ruwansa kowane wata, da bazara kowane mako biyu. A nan akwai kuskuren da ke kashe batira da yawa: abin da ke ƙonewa ruwa ne, asid yana nan, don haka tataccen ruwan da ake sayarwa don batir ake ƙarawa. Ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, balle na dam.

Batirin jel da ɗan'uwansa AGM

Su ma dalma ne, sai dai an rufe su ruf, asid ɗin an daskarar da shi ko an tsotse shi cikin wani ƙyalle na gilashi. Ba sa zuba ko an karkata su, ba a ƙara musu ruwa, kuma AGM yana jure girgizar inji sosai. Mai 100Ah yana da nauyin kilo 30 ko kusa da haka, ya ɗan fi jarkar ruwa mai lita 25. Idan rabinsu ake sha, suna kai zagaye ɗari huɗu zuwa ɗari shida.

Rauninsu zafi. Duk alƙaluman da ke jikin takardar batir an auna su ne a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. A watan Afrilu zafin Kano da Jigawa yana taɓa 40 a inuwa. Rufaffen batir idan caji ya yi masa yawa cikin wannan zafi sai ya fitar da tururi ta ƙaramar kafarsa, abin da ya fita kuma ba ya dawowa. Ya bushe, ya kumbura, ya mutu. Jel ba ya son cajin da ya wuce bolt 14.1 zuwa 14.4, AGM yana ɗaukar 14.4 zuwa 14.7, kuma da zafi sai an ɗan rage. Saboda haka dole a saita kwanturola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifan sola da batir, a kan irin batirin, kada a bar ta yadda ta zo daga kwali.

Akwai na gwanjo da yawa a kasuwa, waɗanda aka cire daga wasu wurare bayan sun yi shekaru suna aiki. Wasu suna da sauran ƙarfi, wasu fanko ne. Mita kaɗai ba ta tona asirinsu, domin mataccen batir ma yana nuna bolt 12.7 idan yanzu aka sauke shi daga caji. Gwajin gaskiya shi ne a cika shi, a haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan wajen amfiya 4 da rabi, a bar shi awa 10, a cire, a jira awa guda, sannan a auna. Lafiyayyen mai 100Ah zai nuna kusan 12.2. Wanda ya faɗi ƙasa da 12, ko fitilar ta yi ja tun kafin lokacin, a mayar wa mai shi. A ɗora shi a sikeli kuma. Dalma ba ta ƙarya: batirin da aka rubuta wa 200Ah amma nauyinsa kilo 35, rubutun ne kawai babba.

Litiyam

Wanda ake nufi a nan shi ne mai rubutun LiFePO4 a jikinsa, mai ɗakuna huɗu na bolt 3.2, jimla 12.8. Mai 100Ah kilo 11 zuwa 13 ne, yaro ma ya ɗauka. Ba ya zuba, ba ya fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji, yana karɓar caji da sauri, zagayensa daga dubu biyu ne zuwa sama. Babban abin da ya fi dalma da shi a wurinmu shi ne bai damu da a bar shi rabi-rabi ba. Damina ta yi kwana biyar ba rana, ba abin da zai same shi, alhali na dalma a nan yake fara mutuwa.

Sauƙin nauyin yana warware wata damuwa da ta fi ta lantarki: sata. Jirgi a gaɓa yake kwana. Faifan sola da batirin da aka bari a ciki sun zama na mai rabo. Da litiyam sai a kafa faifan a kan rufin gida, a ɗauko batirin a hannu bayan an dawo daga ruwa, ya sha caji yini guda, da yamma a koma da shi. Mai batir na kilo 60 ba shi da wannan dama.

Ga inda yake da haɗari. A cikinsa akwai ɗan allon lantarki mai tsaronsa, wanda ake kira BMS, shi ke yanke wuta idan batirin ya yi ƙasa, ko ya yi zafi, ko an ja fiye da ƙima. Batirin dalma yana gargaɗi, fitila tana raguwa a hankali. Litiyam yana ba da haske ɗaya har zuwa ƙarshe, sannan ɗif, a tsakiyar ruwa. Mita ma ba ta taimakawa sosai, don yana zama a kan 13.2 zuwa 13.3 kusan duk tsawon aikinsa. Maganin shi ne a saka masa ma'aunin da ke ƙirga amfiya mai shiga da mai fita, kuma kada a rabu da tocila mai batirinta daban. Allon nan ba ya shiri da ruwa, don haka akwatin roba mai murfi, a ɗage daga ƙasan jirgi, a inuwa. Kada a haɗa shi kai tsaye da wutar da injin jirgi ke bayarwa: ƙananan injuna da yawa wutarsu ba ta da mai daidaita ta, tana hawa da gudun inji, idan allon ya yanke kwatsam kuma ƙarfin wutar yana tashi ya ƙone abin da ke kan layin.

A yi hattara da wanda aka harhaɗa a shago daga tsofaffin batiran kwamfuta. Sunansa litiyam, amma wani sinadari ne daban, kuma shi ne mai kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Idan ya cika a bolt 12.6, ba LiFePO4 ba ne.

Wajen kuɗi, kada a kwatanta farashin da ke kan kanta. A ninka abin da za a iya sha da yawan zagaye. Jel mai 100Ah: 50 sau 500, ya ba da 25,000. Dogo mai ruwa 220Ah: 110 sau 1,200, ya ba da 132,000, idan yana samun cikakken caji. Litiyam mai 100Ah: 80 sau 2,000, ya ba da 160,000. A raba farashin yau da wannan adadi, sai a ga wanda yake da tsadar gaske. Abu biyu ne ke rage wa litiyam wannan rinjaye: kuɗin a dunƙule ake biya, ranar da ya faɗa ruwa ko aka sace shi kuma duk sun tafi, sannan mataccen batirin dalma 'yan gwangwan suna saye da daraja, a mayar da wani abu.

Ga kwale-kwale da matsakaicin jirgin su, litiyam na gaske mai 50 zuwa 100Ah shi ne zaɓi, idan aljihu ya kai. Idan bai kai ba, sabon AGM mai 100Ah, a ɓoye shi daga rana. Dogo mai ruwa a bar wa babban jirgi ko a bar shi a gida.

Faci ko sabon wayarin?

Gwaji uku ne ke yanke hukunci. Fere robar tsohuwar waya kamar tsawon gaɓar yatsa. Jan ƙarfe mai sheƙi lafiya ne. Idan ya yi baƙi ko kore, ruwa ya bi ta cikin silin, a yanke taki guda a sake dubawa. In har yanzu baƙi ne, wayar ta tafi. Na biyu, kunna fitilar da ta fi nisa, auna wuta a kan batir, auna a gindin fitilar. Bambancin da ya haura bolt ɗaya asara ce. Na uku, kashe komai, cire baƙar waya daga kan batir, saka ƙaramin ƙwan fitila tsakaninsu. In ya yi ja ko kaɗan, wuta tana yoyo a wani wuri. Jirgin da ya faɗi biyu cikin ukun nan, ko aka ƙirga masa haɗi fiye da biyu a waya ɗaya, faci ɓata kuɗi ne. Wayar jirgi irin wannan duka ba ta wuce mita 60 zuwa 80 ba, aikin yini ɗaya ne ga mai wayarin da ya san hannunsa.

Kaurin waya shi ne inda aka fi yin ganganci, domin a bolt 12 kowane ɗigo yana da muhimmanci. Fitilar hange a goshin jirgi, batir a baya, hanyar waya mita 10, zuwa da dawowa 20. Tana jan amfiya 2 da rabi. A waya mai kaurin murabba'in milimita 1, kusan bolt 0.9 ne ke ɓacewa, kashi 7 cikin ɗari. A mai 2.5, bolt 0.35 ne, wato kashi 3, iyakar da ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka ta yarda da ita ga fitilun hanya. Don haka ƙananan fitilu 1.5, fitilar hange da famfo 2.5, daga kwanturola zuwa batir 4, babbar waya daga batir 6.

Irin wayar ma da magana. Mai sili ɗaya ta wayarin gida tana karyewa da girgizar inji, sau da yawa a cikin robarta inda ido ba ya gani. Mai sili da yawa ake so. Kasuwa kuma cike take da alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya: a kankare sili da wuƙa, in cikinsa fari ne a ajiye. Kusan kashi 60 kawai na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, kuma da ya ji danshi sai ya zama gari. Wayar jirgi ta ainihi jan ƙarfe ce mai rufin kuza. A ruwan gishiri wajibi ce. A ruwan daɗi irin namu, jan ƙarfe zalla ya wadatar muddin an toshe bakunansa.

Tsarin kuwa ga shi. Daga kan batir mai alamar tarawa, fis mai amfiya 30, kada nisansa da batirin ya wuce santimita 18, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta. Daga nan babban makunni, sai akwatin fis mai gida shida irin na mota, kowane kaya da nasa: 5 ga ƙananan fitilu, 5 ga fitilar hange, 5 ko 7.5 ga famfo gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, 10 ga cajin waya. Fis waya yake karewa, shi ya sa ba a ɗora wa mai 1.5 abin da ya wuce 15, mai 2.5 kuma 20. Wanda ya ƙone aka maye gurbinsa da silin waya ko takardar sigari, an mayar da wayar jirgin duka ta zama fis ɗin, ga fetur a gefe. Baƙaƙen wayoyi duka su taru a kan sandar jan ƙarfe ɗaya, waya ɗaya mai kauri ta koma batir. Katako ba ya mayar da wuta kamar bodin mota, ko jirgin na ƙarfe ne ma ba a mayarwa ta jikinsa, don yana cin ƙarfen.

Wayoyi su bi ta sama, ƙarƙashin leɓen jirgi, cikin fayif na roba da aka huda ƙasansa nan da can don ruwa ya tsiyaye, a kama shi duk santimita 45. Ba a lanƙwasa ƙusa a kan waya. Kowane baki a saka masa kan zobe a matse da filayar matsewa, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, a ja da ƙarfi a gani ko zai fita. Kafin waya ta shiga fitila ko akwati a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a nan. Kawunan batir a wanke su da ruwan kanwa, tana kashe asid, amma kada ɗigo ya shiga cikin batirin. A goge da samfefa, a ɗaure da sifana, sannan a shafa giris a kai.

Batir da jarkar fetur kowa da ɓangarensa, aƙalla benci biyu tsakani. Akwatin batirin dalma a huda shi ta sama, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji sama take tashi, kuma kashi 4 cikin ɗari kawai take buƙata a cikin iska ta kama da ƙyastu ɗaya. Inbata kuwa a bar ta a tudu. Wutar bolt 220 da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba sa haɗuwa, kuma cajar mota mai bakin USB tana cika wayar hannu kai tsaye daga bolt 12 ba tare da asarar da inbata ke yi ko ba a jona mata komai ba.

Wajen haɗa kwanturola, batir ake fara jonawa da fis mai amfiya 15 a kan jar wayarsa, sannan faifan sola. Wajen cirewa faifan ne farko. In aka juya, wasu kwanturololi ba sa gane ƙarfin batirin, wasu ma ƙonewa suke yi. Faifai mai wat 100 yana ba da wajen wat-awa 350 a rana mai kyau, ya rufe 258 ɗin da aka lissafa da ɗan rara, amma da hunturu sai an goge ƙurarsa kowace safiya.